Hukuncin Tsintsiya a Kan Fim Ɗin Auta

Gidan kallon fim ɗin yana hawan sama na wani katafaren kanti, kuma matar da ke share shi ta daɗe a can har ta ga an sauya kujeru, ta ga an sauya manajoji fiye da kujerun. Mai shara ce, aikin da aka ɗauke ta ke nan. Amma a bakin ma'aikata, daga mai gadi har manaja, Alƙaliya ce, don ita ke yanke wa finafinan ban tsoro hukunci, alhali ba ta kallon su.

Ba tsoro ke hana ta ba, barci ne. Mace ce da ke barin gida tun gari bai gama wayewa ba, ta wuni a sunkuye tsakanin layukan kujeru, gwiwoyinta suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Da an kashe wuta sai jikinta ya ɗauka an tashi aiki. Sau ɗaya aka taɓa lallaɓar ta ta zauna kallo, a farkon zuwanta. Daidai inda ɗakin ya yi tsit, 'yar fim tana tura wata ƙofa a hankali, sai munshari ya taso daga layin baya. Wasu suka zaci cikin fim ne, har wata ta ƙanƙame mijinta. Da aka gano mai munsharin ɗakin ya ɓarke da dariya, ita kuma tun ranar ba ta ƙara ba.

Daga ƙasa take ɗauko hukuncinta. In an kunna wuta mutane sun fita, sai ta shiga da tsintsiya da bokiti da baƙar leda, ta tsaya a bakin ƙofa tukuna ta ƙare wa ɗakin kallo. Takan ce mutum zai fito yana cika baki cewa ko gezau bai yi ba, amma kujerar da ya tashi a kai ba za ta rufa masa asiri ba. In fim ya firgita mutane, gugguru yakan tashi sama ya zubo a kan na baya, a tattake shi wajen fita ya zama gari, lemo ya kife ya manne a ƙasa. Ranar sai ta sha wahala, tana goge tana tsaki, ta fito ta ce wannan ya yi. In kuwa fim ya gundure su, sai a tarar da kwalaye wayam, an cinye har ƙwayar da ba ta fashe ba, an manna cingam a ƙarƙashin kujera cikin natsuwa, wani ma ya naɗe tikitinsa ya yi jirgin ruwa da shi. Ƙasa fes. Wanda ya samu sukunin ƙera jirgin ruwa a cikin duhu, in ji ta, ba abin da ya taɓa shi. Tana kuma duba mantuwa, mayafi ne, makulli ne, tabarau ne, lema ce, domin wanda tsoro ya raka har ƙofa ba ya waiwayen kayansa.

Akwai wata alama da ba kasafai take ganin ta ba, kuma da yake ba mai yawan bayani ba ce, ba ta taɓa zama ta faɗa wa kowa ba. Wani fim yakan riƙe mutane har su manta suna da baki. Ba sa zubar da gugguru, ba sa cin sa. A tashi a bar kwali cike, lemo cike, ƙanƙarar ciki ta narke ba a kurɓa ba. Ƙasa takan kasance fes kamar ta fim maras daɗi, sai wanda ya leƙa cikin kwalayen ne zai gane bambancin. Abokan aikinta dai abu ɗaya suka haddace: ƙasa ta ɓaci fim ya yi, ƙasa ta yi tsabta fim ya mutu.

Finafinan ban tsoro na 'yan shekarun nan ba su cika burge ta ba. Ta ce tallan ya fi fim ɗin. A yi wata da watanni ana nuna wa mutane gutsurensa a waya, a kwashe duk abin firgicin a zuba a talla, ranar farko layi har matakala, kafin mako ya zagayo tana kwasar jiragen ruwa. Wasu kuma ƙara ce kawai, a yi shiru, a buga kamar an yar da faranti, mutane su zabura su watsar da gugguru, su yi wa juna dariya, su fita da kayansu cif ba wanda ya manta ko allura. Irin waɗannan takan ce sun ɓata mata ƙasa a banza. Sai kuma wanda ya yi kasuwa sau ɗaya, a yi ta haifo masa ƙanne, na biyu, na uku, kowanne ya fi yayansa rama. Takan samu mai kyau jifa-jifa, kuma ta lura yawanci wanda ba a yi wa ganga ba ne, a sa shi a ƙaramin ɗaki, ta shiga ta tarar da takalmi wari ɗaya.

Ta taɓa yin kuskure, kuma ba a bar ta ta manta ba. Wata rana ta tarar da ɗaki kamar an yi yaƙi, ta fito ta ce ba ta taɓa ganin fim irin wannan ba, manaja ya ƙara masa kwanaki. Ashe ɓera ne ya ratsa ta ƙafafun mutane. Har yau mai na'urar haska fim, wanda suke kira Na Sama don ɗakinsa yana can bisa kan 'yan kallo, in ya so tsokana sai ya tambaye ta lafiyar jarumin nan mai wutsiya. Takan ce ɓeran ya fi rabin 'yan wasan da yake haskawa iya aiki. Amma kuskure daban, ƙarya daban. Ba wanda ya taɓa jin ta yabi fim don a ji daɗi, ko na ɗan'uwan manaja ne.

Tana da 'ya'ya da suka girma suka kama gabansu, sai autanta, wanda har ya yi aure ya haihu ba a daina ce masa Auta ba. Sana'arsa ɗaukar bidiyon bukukuwa. Tun yana ƙarami in ya biyo ta wurin aiki, a ɗakin Na Sama yake maƙalewa yana leƙen allo ta ƙaramar taga, ita ko ta ɗauka zai gaji ya bari. Bai bari ba. Ya shafe shekaru yana haɗa fim ɗinsa na ban tsoro, ranakun da ba biki, da kyamarar aikinsa, da abokansa da ba ya biyan su sai da godiya. Ya cika mata gida da wayoyin wuta da fitilu, ya ari labulenta bai dawo da shi ba, wani sabon tsumman goge ƙasa mai dogayen igiyoyi da ta ajiye a bayan ƙofa ma ya yi ɓatan dabo. Labarin, kamar yadda ya sha ba ta tana gyangyaɗi, na wata tela ce da kullum in ta buɗe shago da safe sai ta tarar keken ɗinkinta ya ƙara ɗinki a jikin wani farin yadi, ba ta san mai taka shi ba, kuma a hankali ta gane awon jikinta ake ɗinkawa.

Da ya gama, ya yi ta sintiri wurin manaja har manaja ya ba shi ƙaramin ɗaki na yamma guda. Manaja ya ce in tsintsiyar Alƙaliya ta amince, fim zai ci gaba da zama, in ba ta amince ba, to, sai haƙuri. Da dariya ya faɗa, amma kowa ya san ya saba bin maganarta a kan irin waɗannan finafinai.

Tun daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Ta san halinta, ta san ɗanta. In ta shiga ta tarar da jiragen ruwa, ko dai ta fito ta kashe masa fim da bakinta a gaban matarsa da abokansa, ko ta yi ƙaryar da ba ta taɓa yi ba, Auta kuma ya gane, don tun yana yaro yake karanta fuskarta. Ta nemi wata mai shara, abokiyar aikinta, su yi musanyar rana. Auta ya ji labari ya zo har kicin ya tsaya mata a kai.

"Umma, in ba ke kika share ba, na fasa nunawa."

"Kai dai ka cika neman rigima. Ka tambayi waɗanda suka kalla mana, ba baki gare su ba?"

"Za su ce ya yi kyau. Wanda na ɗaukar wa bikin ƙanwarsa zai ce mini bai yi ba? Ke nake so."

Ta ce masa ya ba ta wuri, tukunya na ƙonewa.

Maigidanta bai taimaka ba. Tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye tuƙi, ya koma zaman ƙofar gida da hularsa wadda ba a taɓa ganin sa a waje babu ita ba. Ya ce shi da ya ratsa dazuzzuka shi kaɗai, taya ta fashe masa inda ko kare ba ya haushi, ba keken ɗinki ne zai ba shi tsoro ba. Ya ce in fim ɗin ya tsira daga tsintsiyar uwar mai shi, sai ya je ya taya yara zama. Ta dube shi ta ce, "Malam, kai da ƙadangare ya faɗo maka a wuya ka yar da buta?" Ya ce wannan ba tsoro ba ne, ƙyama ce.

Ranar nunin ɗakin ya kusa cika, dangi da abokai, da baƙin da suka rasa tikitin babban ɗaki suka ce bari su rage zafi a nan. Auta ya kasa shiga. Ya tsaya a baranda yana kaiwa yana komowa har mai gadi ya ce zai cinye musu tayil. Ita kuwa Alƙaliya ta je ta wanke banɗaki wanda ta riga ta wanke, ta goge madubin da ba datti, ta dawo ta zauna a kan bokitinta a kife.

Da aka buɗe ƙofa mutane suka fito suna miƙa wa Auta hannu, kowa sai ya ce ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ta ji kalmar ƙoƙarin nan gabanta ya faɗi. Ta miƙe ta ɗauki tsintsiya, sai ga mai gugguru ta sha gabanta. Mai gugguru mace ce mai fara'a da son mutane, sun daɗe tare, Yaya take ce wa Alƙaliya. Ta roƙe ta ta tsare mata kantar gugguru minti kaɗan, cikinta ya murɗa. Kafin Alƙaliya ta ce uffan ta ɓace. Sai ta tsaya a bayan gilashin gugguru riƙe da tsintsiya, tana ce wa masu saye mai kayan na zuwa. Ta hango Na Sama ya sauko daga matakalarsa da sauri, abin da ba ya yi sai an tashi aiki, amma hankalinta ba ya wurin.

Can mai gugguru ta dawo tana haki, ta ce ta ji sauƙi. Alƙaliya ta wuce Auta ba ta dube shi ba, ta tura ƙofar ƙaramin ɗakin, ta tsaya inda ta saba tsayawa.

Ɗakin ya yi fari fat da gugguru. A kan kujeru, a ƙarƙashinsu, a matakala, har gaban allo inda ba mai zama. Da farko zuciyarta ta yi sanyi, har ta fara murmushi. Sai ta taka, ta ji ƙurus a ƙarƙashin takalminta, ta tsaya. Mutane ɗaki guda sun fita ta wannan hanyar, amma ba ƙwaya ɗaya da aka tattake. Duk ga su nan ɓul-ɓul kamar yanzu aka kwaso su daga tukunya. Ta bi layi tana dubawa, ba kwali ko ɗaya a wurin zama. A can ƙarshen layin baya ta same su, an jera su an cusa wani cikin wani, bakinsu duk ya kalli gefe guda, yadda mai gugguru ke jera su a kantarta kowace safiya.

Ta sauke bokiti ta zauna a hannun kujera. An yi mata shiri ke nan. Sun leƙo sun ga ƙasa fes, sun ji tausayinta, sun ɓata mata ɗaki don ta samu abin faɗa. Ranta ya ɓaci, kuma ya yi nauyi, domin in har sai an yi wa fim ciko, to ta san abin da hakan ke nufi.

Tana zaune sai wata tambaya ta zo mata. A ina suka samo gugguru mai yawa haka? Mai gugguru ba ta ɗauki komai daga kantarta ba, Alƙaliya ce shaida, ita ta tsare ta. Ta miƙe ta leƙa ramin ajiye kofi na kujerar da ke kusa. Lemo cike, ƙanƙara ta narke, ruwa ya taru a sama. Ta leƙa na gaba, haka. Ta bi layin har ƙarshe, ta shiga na bayansa, da wuya ta ga kofin da aka sha rabinsa. Ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙorafi, ta shafa ƙarƙashin kujeru, ba sabon cingam. Ba jirgin ruwa ko ɗaya. Abin da aka watsa mata, gugguru ne da 'yan kallo suka saya suka manta ba su ci ba.

Dariya ta taso mata ta danne. Ta ci gaba da bincike, don hukunci bai cika ba. Ta duba tsakanin kujeru, ta ɗaga kowace mazauna, ta haska lungu da fitilar wayarta. Ba mayafi, ba makulli, ba tabarau. Kowa ya tattara kayansa tsaf ya fita.

Ta leƙa waje ta kira su. Auta ya shigo da matarsa a bayansa, manaja ya biyo, mai gugguru da Na Sama suka raɓe a bakin ƙofa kamar ɗaliban da aka kama. Auta ya ga farin da ɗakin ya yi, bakinsa ya tafi har kunne.

"Rufe bakinka," in ji ta. "Wannan ba aikinka ba ne. Aikin waɗancan biyun ne."

Mai gugguru ta fara rantsuwa, Alƙaliya ta ɗaga mata jerin kwalayen. Sai mai gugguru ta rufe fuska da gefen mayafi ta ce wallahi hannunta ne ya saba, ba ta ma san ta jera ba. Na Sama ya ce shi dai ya leƙo ta taga ya ga ƙasa kamar an lashe, ya ce ba za a kunyata yaron da ya girma a ɗakinsa ba.

Murmushin Auta ya gushe. Ya dubi uwarsa, ya ce a hankali, "To faɗi, Umma. Ƙasa fes ce ke nan."

"Fes ce. Kwalayen da kuka zazzage, a cike kuka same su ko wayam?"

Mai gugguru ta ce a cike, shi ya sa ma abin ya zo musu da sauƙi.

"Kun ji. Mutum ya sayi abu da kuɗinsa, yana riƙe da shi a cinya, ya manta da shi har aka tashi. Tun da nake shara a gidan nan ban ga haka ba sai jifa-jifa, kuma ban taɓa gani a fim ɗin ɗan gida ba. Shaidar da ta fi kowacce kyau ita kuka kwashe kuka watsa mini a ƙasa, ga shi ni zan share."

Na Sama ya dafe kai. Matar Auta ta saki wata 'yar ƙara ta kama hannun mijinta. Shi kuwa bai motsa ba, don ya ga uwarsa ba ta ajiye tsintsiya ba, kuma ya san in ba ta ajiye ba da sauran magana.

Nan ne wurin da ta yi kwanaki tana gudu. Tana iya tsayawa a nan, ba ta yi ƙarya ba, kowa ya tafi gida da farin ciki. Ta dubi ɗanta, ta ga yadda ya rame a kan fim ɗin nan, ta ga kuma yana jira.

"Ka riƙe su, Auta, amma ka sake su kafin a kunna wuta. Ba wanda ya manta ko hankici. Tsoron bai raka su ƙofa ba. Ban san me ka yi a ƙarshe ba, amma ka yi wani abu."

Na Sama ya yi gyaran murya, ya ce tun da an zo nan bari ya faɗa. Har kusan ƙarshe ko tari ba a yi ba, keken yana taka kansa, telar tana auna yadin a jikinta. Sai aka nuna mai taka keken. Da dodon ya juyo, wani a tsakiya ya tuntsire da dariya, saura suka bi.

Auta ya ce dodon nan shi ya fi cin masa lokaci. Abokinsa mai walda ne ya sa fuskar roba, kuma sun yi kwana da kwanaki suna gyara gashin. Ya ciro waya ya nuna mata hoton, don ta gani da idonta ba abin dariya ba ne. Ta karɓa ta nisanta da fuskarta, ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba tsummana ba ne?"

Ya ce aro ya yi.

"Na zargi maƙwabta, na zargi ubanka, ashe yana kan mai walda. Yo wa zai ji tsoron abin goge ƙasa? Ni da nake matse shi kullum?"

Mai gugguru ce ta fara fashewa, manaja ya bi, matar Auta ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Auta ya yi ta maza ya ɗaure fuska, ya kasa, ya zauna a kujera yana dariya yana share ido, ba a san hawayen na dariya ne ko na kuka ba. Da ya natsu ya ce shi ma a ransa ya san telar da keken sun isa, amma kowa ya ce masa 'yan kallon yanzu sai sun ga dodo. Ta ce 'yan kallon yanzu ta fi shi sanin su, ita ke kwashe abin da suka bari.

Manaja ya tambaya, to tsintsiya ta amince ko ba ta amince ba? Ta ce ta amince da fim, ba ta amince da tsumma ba. Ya ce in Auta zai iya gyarawa kafin ƙarshen mako, ɗakin nasa ne. Sannan ta miƙa wa Na Sama tsintsiya, ta miƙa wa mai gugguru leda, ta zauna a layin gaba ta miƙe ƙafa, tana nuna musu inda suka tsallake.

Auta ya yanke dodon gaba ɗaya. Mai walda ya yi fushi na kwana biyu ya huce. Yanzu fim ɗin yana ƙarewa ne da telar ta shigo shago da safe ta tarar an gama ɗinkin, an ninke shi a kan kujerarta, keken kuma yana lilo a hankali kamar yanzu aka ɗauke ƙafa.

A nuni na biyu maigidanta ya cika alkawari. Ya saka hularsa ya zo, ya zauna a tsakiyar ɗaki, ya ce wa na kusa da shi in abin ya yi masa yawa ya riƙe hannunsa. Alƙaliya ta zauna a kan bokitinta a waje. Wannan karon ta sa wa mai gugguru ido, ta ce ko cikinta zai fashe ba inda za ta.

Da aka tashi mutane suka fito shiru-shiru, ba mai cewa an yi ƙoƙari, wasu ko ganin hannun da Auta ya miƙa ba su yi ba. Ba ta ga fitar maigidanta ba, mai gadi ya ce ya wuce da sauri, wai yana da uzuri. Ta shiga ta tsaya a bakin ƙofa. Kwalaye a cike a wuraren zama. Ta bi layi tana tsinta: mayafi ɗaya, makullin babur, lema, tabarau mai karyayyen hannu. A tsakiyar ɗaki, a ƙarƙashin kujera, ta ga wata hula ta gangara ta kife. Ta ɗauka ta juya ta. Ita ta wanke ta shekaranjiya, ga ma inda ta ɗinke bakinta da baƙin zare.

Ta fito ta ajiye tsintsiya a jikin bango, ta zube wa Auta mantuwar a kan kantar gugguru. Ya dubi kayan, ya dubi tsintsiyar da ta ajiye, ya rungume ta a gaban mutane, tana ce masa ya sake ta, jikinta duk ƙura. Hular kuwa ba ta sa ta cikin kayan ba, ta cusa ta a jaka.

Ta isa gida ta tarar da maigidan a tsakar gida, ba a ƙofa ba, kansa a buɗe, ya kunna duk fitilun gidan tun rana ba ta faɗi ba. Tsohon keken ɗinkinta da ke lungun falo an lulluɓe shi da bargo. Ta tambaye shi yaya fim. Ya ce ba laifi, na yara ne, ya ɗan yi gyangyaɗi ma a tsakiya. Ta tambaye shi ina hularsa. Ya shafa kai, ya ce zafi ake yi.

Ta ciro ta daga jaka ta kaɗe ta, ta ɗora masa a ka, ta gyara mata zama. Sannan ta wuce ciki tana ce masa ya cire bargon nan daga kan keke, da shi za ta rufa.